Wata bakwai da sa mini zoben ciki: abinci na dawowa, sikeli ya tsaya. In je a ƙara matse shi?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, abin ne ya taru ya yi mini yawa, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ya gane sai wanda ke ɗauke da irin abin da nake ɗauke da shi.

Shekarata 38, 'ya'yana biyu. Wata bakwai ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake ɗaura zoben silikon a saman tumbi ba tare da an yanke komai ba. Ƙananan huji biyar aka yi mini, kwana ɗaya na yi a asibiti. Ranar da aka shiga da ni nauyina kilo 121, ciwon suga ya fara leƙo ni, gwiwoyina kuma ba sa barina in hau bene sai na tsaya hutu sau biyu.

Da farko komai ya tafi yadda aka tsara. Sati biyu ina shan ruwa-ruwa, sati biyu abin da aka markaɗa, sannan mai laushi, wajen sati na shida na koma cin abinci sosai. Zobena mai ɗaukar mililita 10 ne. Sau uku aka zuba masa ruwan da ke ƙara matse shi ta wani maɓalli da aka dasa mini a ƙarƙashin fata, sama da cibiyata ta hagu: na farko 3, na biyu 2, na uku ɗaya da rabi. Yanzu 6.5 ke ciki. Na ukun nan ni na nace. Likita ya so ya tsaya a rabin mililita, na ce masa yunwa na damuna da yamma. Tsakani da Allah ba yunwa ba ce, ƙosawa na yi in ga nauyin na zubewa da sauri.

Tun daga ranar, sati tara ke nan, ban ci abinci da kwanciyar hankali ba. Da safe ko shayi ba ya wucewa sai wajen ƙarfe goma, ina jin sa yana ƙugi a ƙirjina kamar ruwa a bututun da ya toshe. Da rana in na gwada kaza ko nama, loma biyu uku sai abu ya tokare ni a ƙasan ƙashin ƙirji, zafin ya harba bayana har kafaɗar hagu. Daga nan yawu ya fara taruwa, wani irin yawu mai kauri da yauƙi wanda ban taɓa sanin jikin mutum na yin sa ba. Babu tashin zuciya, babu ɗacin aman da muka sani. Lomar ce kawai take dawowa kusan yadda na haɗiye ta.

Talatar da ta wuce muna cin abinci da abokan aiki, hira ta yi daɗi, na sha'afa na haɗiye wata tsokar kaza ban tauna ta sosai ba. Minti arba'in na yi a banɗaki, hannu ɗaya a bango, yawu na zuba, ina jin su suna ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar ko lafiya. Da na fito idona jajur, na ce musu ƙwarewa na yi. Babu wanda ya san an yi mini aikin nan sai maigidana da yayata.

To sai na koma ga abin da ke wucewa ba gardama: yogot mai zaƙi, askirim, cakulan, biskit da na jiƙa a shayi, dankalin da aka dame da bota. Na san ba su ne aka ce in ci ba, amma su kaɗai ne ba sa kai ni banɗaki. Ga kuma abin da ya ɗaure mini kai: sati shida cur sikeli na tsaye a kan 104. Ba na iya cin nama, rabin abin da na ci yana dawowa, amma ko rabin kilo bai ragu ba.

Da dare matashi uku nake tarawa. Sau biyu a satin nan na farka ina tari, wani ruwa mai tsami ya hau har hancina.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan kuwa 'yata ce, mai shekara shida. Jiya ta ce, "Mama, abincin ne ba daɗi? Kullum sai ki tashi ki bar mu." Ban iya ba ta amsa ba.

Tambayata: tunda nauyin ya tsaya, ba alama ce ta cewa zoben na buƙatar ƙarin matsi ba? Ina tunanin in je a ƙara mini ko rabin mililita ne, yadda ko kayan zaƙin ma ba za su riƙa wucewa da yawa ba. Maigida ya ce sam, in je a duba ni. Ni kuma tsorona kada a zuƙe ruwan in koma gidan jiya. Kilo 17 ɗin nan da hawaye na sauke su. Don Allah wanda ya daɗe da zoben ya faɗa mini gaskiya.

Sabuwar Tafiya ta rubuta:

Wa alaikumus salam Yaya, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni wata uku kawai na yi, sau ɗaya aka zuba mini ruwa, don haka ba ni da bakin ba ki shawara a kan matsin. Abin da ke taimakona shi ne shan abu mai ɗumi kamar minti goma sha biyar kafin in zauna cin abinci, sai in ji hanyar ta ɗan saki. Kuma na daina cin abinci da babban cokali, da cokalin shayi nake ci. Maƙalewar nan sau biyu ta taɓa faruwa da ni, duka da burodi mai laushi, irin wanda ke dunƙulewa in ya sha yawu. Ni dai a zatona haka rayuwar zoben take, dole mutum ya riƙa mayar da abinci lokaci-lokaci. Amma da na karanta naki sai gabana ya faɗi. Bari in zauna in ji abin da manya za su ce.

Direban Dogon Zango ya rubuta:

Ƙanwata, kin ce a faɗa miki gaskiya, to ga ta: kada ki bari a ƙara ko ɗigo. Ki kira asibitinki gobe da safe ki ce a sassauta. Na karanta bayaninki kamar ni na rubuta shi shekara tara da suka wuce, har matashi ukun.

Shekarata 57. An sa mini nawa a 2012 ina da kilo 138. Aikina tuƙin babbar mota ne, zama daga asuba zuwa dare, ci kuma duk inda aka tsaya. Ni ma lissafina irin naki ne, cewa iya matsi iya ramewa. Duk zuwan da zan yi sai na ce a ƙara, har aka kai ni 8. Kuma ba na faɗa wa likita ina mayar da abinci, don na san in na faɗa zai rage. Leda ba ta rabuwa da gefen kujerata. Nama na bar shi gaba ɗaya, na koma madara mai sukari da lemon kwalba da alawa. Na rame a shekarar farko, daga nan na tsaya, daga baya ma na fara hawa.

Tarin dare kuwa shekara biyu na yi da shi. An ba ni maganin asma, ban da asma. Sau ɗaya aka kwantar da ni da ciwon huhu, ashe abin da ke kwana a bututun abincina ne yake gangarawa huhu in na yi barci. Ban haɗa wannan da wancan ba, su ma waɗanda suka duba ni ban gaya musu ina da zobe ba. Wannan laifina ne.

Sai wani dare ina kan hanya na tsaya na kurɓi ruwa, ya dawo. Na sake, ya dawo. Kafin gari ya waye yawun bakina ma ba na iya haɗiyewa, sai tofarwa a gora. Na jure har kwana biyu ina cewa zai saki. Da aka kai ni asibiti leɓena ya tsage, fitsari ya ɗauke. Aka yi mini ƙarin ruwa, aka nemo likitan da ya san aikin, ya zuƙe duk abin da ke cikin zoben. Aka ba ni farin ruwan nan mai kauri kamar alli na sha ana ɗaukar hoto. Da idona na gani: tumbin ya kutso sama ta cikin zoben, ya kumbura ya rataye a kansa kamar buhun da aka ɗaure a tsakiya. Zamewa ke nan. Likitan ya ce yawan yunƙurin amai ne ke tura shi sama kaɗan-kaɗan, kuma da na ƙara jinkiri jini na iya daina kaiwa wannan ɓangaren ya mutu. Sai da aka sake shiga da ni tiyata aka gyara masa zama.

Yanzu 4.5 ke cikin nawa, kusan rabin na da. Nauyina yana tsakanin 100 da 102 shekara da shekaru. Da ruwa kaɗan na rame fiye da lokacin da aka shaƙe ni, saboda yanzu ina cin abincin da ke riƙe ciki.

Ga yadda nake ci, ko zai yi miki amfani bayan an sassauta. Ƙaramin faranti. Ina yanka komai kamar girman farcen babban yatsana kafin in fara. In sa ɗaya a baki, in ajiye cokalin a kan tebur, in tauna har sai babu abin taunawa, in haɗiye, in jira kamar minti ɗaya. Nama ko kifi ko ƙwai nake fara ci, sai ganye, in da sauran wuri sannan shinkafa cokali biyu. In minti ashirin ya cika na tashi, ko da saura. Kuma jiki magayi: ni alamata shaƙuwa ce guda ɗaya, wani nasa hanci ne ke fara zuba, wani ajiyar zuciya. Da na ji ta na tsaya, don lomar da ke biye da ita ita ce mai kai mutum banɗaki.

Naman da ya bushe ko ya kwana aka sake ɗumamawa, har yau ba ma shiri. Wanda ya dahu cikin romo ya yi laushi kuwa lafiya lau. Ba na ci ina tuƙi, ba na ci ina waya, ba na ci raina a ɓace, don ɓacin rai ma matse shi yake. In abu ya maƙale kada ki bi shi da ruwa, ƙara cika bututun za ki yi. Ki tashi ki yi tafiya, ko ya wuce ko ya fito, sannan ki huta da ruwa-ruwa har washegari saboda wurin ya kumbura.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa ya ƙone, ƙanwata.

Maman Biyu ta rubuta:

Yaya, na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta naku sau uku. Maganar ɓoye wa likita ta taɓa ni, don zuwana na ƙarshe ya tambaye ni ko ina amai na ce a'a. A raina na ce ai wannan ba amai ba ne, dawowa ce kawai.

Amma har yanzu akwai abin da ban gane ba. Ni yadda na fahimta, zoben yana yin 'yar jaka a sama, abinci ya cika ta ya zauna, shi ne mutum ke jin ya ƙoshi. To in an sassauta, ba zuba kawai abincin zai riƙa yi ƙasa ba? Me zai hana ni ci kamar da?

Sista Mai Jinya ta rubuta:

Maman Biyu, sannu da jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen da ake bibiyar masu irin wannan tiyata. Ban gan ki ba, ban duba ki ba, don haka maganata ba za ta maye gurbin likitanki ba. Amma abin da kika lissafa, wato dawowar abinci kusan kullum, tarin dare, ƙwannafi, kasa cin abu mai tauri da komawa ga kayan zaƙi masu narkewa, su ne ainihin alamomin zoben da ya matse fiye da kima. Malam Direba ya faɗi daidai, a cikin satin nan ya kamata a gan ki.

Tambayarki ta biyu mai kyau ce, kuma mutane da yawa haka suka ɗauka, har da ma'aikatan lafiya a shekarun farko. Tun 1993 aka fara sa wannan zobe ta ƙananan huji, a Beljiyam, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da samfurin Lap-Band a 2001. A lokacin bayanin da ake yi wa mutane shi ne na jakar da ke cika. Daga baya likitocin Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Paul O'Brien, suka bi diddigin yadda loma ke tafiya, suka ga ba haka abin yake ba. In zoben na daidai, loma ba ta zama a sama. Bututun abinci ne ke matso ta, sau biyu zuwa shida, har ta ratsa zoben, cikin kamar minti ɗaya. Wannan matsawar ce ke taɓa jijiyoyin da ke bangon tumbi, su kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Shi ya sa ake cewa a jira minti ɗaya tsakanin loma da loma: in kika aika ta biyu ta farko ba ta wuce ba, sun yi cunkoso ke nan.

Kin ga ke nan aikin zoben rage yunwa ne, ba tare hanya ba. Kuma abinci mai ɗan tauri ne ke sa shi aiki. Askirim da cakulan narkewa suke su silale, babu matsawa, babu saƙo, ga sukari da maiƙo fal. Ko an ƙara matse ki za su wuce, nama da ganye ne za su ƙara gagarar ki. Dalilin tsayawar sikelinki ke nan.

Su waɗannan likitocin sun raba abin gida uku da launi. Rawaya: mutum na jin yunwa, yana cin da yawa, yana neman abinci tsakanin lokuta, nan ne ake ƙara ruwa. Kore: ɗan abinci ya ishe shi, ya yi awa huɗu ko biyar bai tuna da ci ba, nauyi na sauka a hankali, kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Ja: inda kike yanzu. Ƙanwata Sabuwar Tafiya, ki riƙe wannan: mayar da abinci a kai a kai ba ya cikin tsarin. In ya faru jefi-jefi don an yi gaggawa, wannan daban.

Matsewar safiya kuwa kusan kowa na ji. Wasu matan na jin ƙarin matsi gab da al'ada, wasu in sun hau jirgin sama ko suna mura. Shi ya sa ba a son a kai zobe maƙura, a bar masa wurin irin waɗannan ranaku.

Kafin ki samu ganin likita, ki koma ruwa-ruwa marasa sukari masu gina jiki: madara, yogot marar zaƙi, romo, miyar wake da aka tace. Kurɓa-kurɓa, ki nemi lita ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwa a yini. Kada ki ci komai awa uku kafin kwanciya. Ki guji magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, suna cin bangon tumbi, kuma manyan ƙwayoyi na iya maƙalewa, ki nemi na ruwa ko na taunawa. Ki faɗa musu sati nawa kika yi kina mayarwa, ba ragi, domin ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta 'yan makonni, kuma ƙarancinsa na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Za su so su duba jininki.

Kada ki jira ranar ganin likita, ki tafi sashen gaggawa kai tsaye, in ruwa ya daina wucewa, ko ciwon ciki ko na ƙirji mai tsanani ya taso, ko kika ga jini a amai ko baƙin bayan gida, ko zazzaɓi da wahalar numfashi, ko kika fara ruɗewa, tangaɗi, ko gani biyu-biyu. Da kin isa ki ce musu kina da zobe a tumbi kuma ana iya zuƙe ruwansa. Allura ta musamman ake amfani da ita wadda ba ta ɓata robar maɓallin, don haka su kira wanda ya saba. Aikin minti biyar ne, kuma yawanci nan take mutum ke jin sauƙi.

Uwar Marayu ta rubuta:

'Yar'uwa, duk abin da Sista ta ce ki bi. Ni zan ƙara wani gefe ne, don kada wata ta karanta ta ɗauka duk wanda zobe ya ba shi matsala shi ya jawo wa kansa. Malam, ba musu nake da ku ba, naku labarin gaskiya ne, amma nawa daban.

Shekara shida na yi da nawa. Ruwan cikinsa bai taɓa wuce mililita 5 ba, ban taɓa fashin zuwa asibiti ba, ina tauna abinci har muƙamuƙina ya gaji. Na sauke kilo 29. A shekara ta shida sai na ga ina iya cinye faranti guda ba abin da ya tsaya, yunwa ta dawo kamar ba a taɓa yi mini komai ba. Aka ƙara ruwa, shiru. Sai wurin maɓallin ya yi ja, ya kumbura, ya fara ruwa. Da aka zura kyamara ta baki aka ga zoben ya ci bangon tumbi ya leƙo ciki, ƙwayoyin cuta kuma suka bi siririn bututun suka gangaro har maɓallin. Ba a yi wata-wata ba aka cire shi.

Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Wata takwas ina jiran wurin ya warke, kilo 11 suka dawo, ina kallo ba yadda zan yi. Daga baya aka yi mini ɗaya aikin, wanda ake yanke yawancin tumbin a bar shi siriri kamar ayaba. Likitata ta ce mini ba ni kaɗai ba ce, cire zobe ko sake tiyata bayan shekaru abu ne da suke gani sosai, shi ya sa ma aka rage sa shi. A Amurka, a 2011 kusan kashi ɗaya cikin uku na tiyatar rage ƙiba zobe ne, a 2018 kuwa ya koma wajen ɗaya cikin ɗari.

Ba don in tsorata ki na faɗa ba. Akwai masu shekara goma sha biyar da nasu lafiya lau, ga Malam nan ma. Abin da nake so ki sani shi ne baƙon abu ne a jikinki, yana son a riƙa leƙa shi har iya zamansa, ko kina jin daɗinsa ko ba kya ji. Kuma ki daina ɓoyewa haka. Ko mutum ɗaya ne a wurin aikinki ya sani, saboda ranar da za ki buƙaci a kai ki asibiti. Ni ɓoyewar ta fi ciwon gajiyar da ni.

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Sati uku ke nan, na ga bai kamata in yi shiru ba bayan duk abin da kuka yi mini.

Washegarin da na karanta saƙon Sista na kira, suka ce in zo ranar. Wannan karon na faɗi komai, har minti arba'in na banɗaki da matashi uku. Likita bai yi mini faɗa ba, ya dai yi shiru, sannan ya ce da na faɗa tun sati na farko. Aka ɗauki hoton da farin ruwan. Alhamdu lillahi zoben bai zame ba, amma jakar ta sama ta ɗan buɗe, ruwan kuma ya daɗe tsaye a bututun kafin ya fara ɗiga kamar zare. Na kwanta, ya sa na ɗaga kaina don cikin ya yi tauri, ya lalubo maɓallin da yatsa biyu, ya soka allurar. Mililita 2.5 ya zuƙe, saura 4. Ya miƙo mini kofin ruwa ya ce in sha a gabansa. Na kurɓa ina jiran ƙugin nan, sai na ji sanyinsa ya sauka har ƙasa. Na shanye kofin duka, hawaye na zuba, nas ɗin tana shafa bayana. Ashe sati tara ƙishirwa nake ji ban sani ba.

Gwajin jini ya nuna ƙarfen jinina ya yi ƙasa, an ba ni na sha tare da bitamin na taunawa kullum. Ya ce ba zai ƙara ko ɗigo ba sai bayan sati shida, a sake hoto a ga ko jakar ta koma. Masaniyar abinci ta ce in nemi gram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a yini, ta rubuta mini yadda zan raba shi sau uku, kuma in bar shan ruwa a kan abinci sai bayan rabin awa.

Ba zan ɓoye ba, satin farko kilo ɗaya ya ƙaru, na kusa kiran su in ce a mayar. Maigida ya ɗauke sikelin ya kulle a mota. Da aka auna ni a asibiti shekaranjiya, 102.5. Tarin dare ya tafi tun daren farko, matashi ɗaya nake kwana da shi. Yunwa ta ɗan dawo da yamma, ta gaske wannan karon, amma in na ci ƙwai biyu da rana ko kifi tana jinkirta zuwa. Sha'awar zaƙin ce ba ta tafi ba, ita nake fama da ita yanzu, musamman in na dawo aiki a gajiye. An haɗa ni da mai ba da shawara a kan wannan, zan fara zuwa ranar Laraba.

Yaya Direba, na gano tawa alamar: hancina ne ke fara zuba. Anti Uwar Marayu, na faɗa wa abokiyar aikina ɗaya, wadda ta fi kowa buga ƙofar ranar nan. Cewa ta yi ta daɗe tana zargin wani mugun ciwo nake ɓoyewa, har ta kasa barci a kaina.

Daren jiya kifi na dafa da ganye. Na yanka nawa ƙanana, na ajiye agogo a gefe, 'yata ta ce ita za ta riƙa faɗa mini in minti ɗaya ya cika. Muka yi minti ashirin a tebur, ban tashi ba sai da kowa ya gama.

Sista, wata tambaya kuma: gashina yana zuba sosai wata biyun nan, duk tajewa sai na cika hannu. Na ƙarancin ƙarfen jinin ne, ko na ramewar? In ambata wa likita ranar da zan koma, ko in kira tun yanzu?